Ƙwayar Da Ta Rina Fitsarin Ɗana

Mu mutanen bakin kanal ba mu tambayar kowa ma'anar jan fitsari. Yaro ya yi wanka a ruwan dam, ya dawo yana fitsarin jini, sai a ce tsargiya ce, a nemo magani. Haka munka taso, haka munka reni namu.

Babban ɗana manomin shinkafa ne a hanyar Bakura. Shekarar da tari ya kama shi, ya yi ta tari, ya yi ta rama, har riga ta koma kamar an rataya ta a sanda. Lokacin dashe ne. Ya ce ba ya iya kashe wuni a layin asibitin gwamnati, sai ya tafi wurin wani likita mai asibitin kansa a Mafara. Anka auna kakinsa, anka ce tarin tibi ne. Likitan ya ba shi ƙwayoyi, ya ce na gwamnati ne, kyauta, ya riƙa sha da safe kafin ya karya. Iyakar abin da anka faɗa mishi ke nan.

Yana fara sha, fitsarinsa ya yi ja. Mutumin da ke wuni tsundum cikin ruwan shinkafa, me zai ce in ba tsargiya ba? Ya sha maganinta daga kemis, jan bai tafi ba. Abokan nomansa sunka ce to lalle ƙwayar ce ke tsinka mishi jini a ciki. Ya ƙulle ta a leda, ya cusa bayan randa. Ni kuwa ɗan farina ne, ba ni tambayarsa lafiyar jiki baki da baki, balle zancen fitsari. Matarsa ta sani, kunya ta hana ta gaya mini.

Sai da tarin ya dawo har da jini sannan maganar ta fito, ranar da wata ƙawata ta zo dubiya daga Maradun. Mijinta ya taɓa yin ciwon. Ta dafe ƙirji.

"Ke! Ba a gaya muku ba? Rinin ƙwayar ne, ba jini ba. Mu a asibitin gwamnati tun ranar farko anka zaunar da mu anka faɗa. Da Malam ya yi fashin karɓa, sai ga ma'aikaci bisa babur har ƙofar gida."

Na ɗauki mayafi, na tafi wurin masu kula da tarin a asibitin gwamnati. Wani saurayi cikin ma'aikatan ya saurare ni.

"Iya, wannan ba wurinmu yake karɓa ba. Na likitan waje ne."

"Ɗana, ƙwayar ta wa ce?"

"Tamu ce."

"To shi tarin, in ya tashi kama jikokina, tambaya yake yi wane asibiti ubansu ya je?"

Ya yi dariya, ya ce, "Iya, kin fi ƙarfina. Amma babur ɗaya gare mu na bibiyar marasa lafiya."

Ni ban yi dariya ba. Na taka har wurin likitan. Ya ce shi ya aika musu da sunan ɗana, bibiya aikinsu ne. Na ce, "Na ji. Amma 'fitsarinka zai yi ja', wannan ma aikinsu ne?" Ya ba ni haƙuri, ya ce mutane sun yi mishi yawa ranar.

Wanga ya ce wancan, wancan ya ce wanga, ni ina tsakiyar rana da ƙafafun tsufa.

Anka sake auna kakin. Da sauran kwanan ɗana, anka ce ƙwayar tana iya kama shi har yanzu, amma sai ya soma tun daga farko, makonnin da ya sha a baya sun tafi a banza. Gonar ta koma hannun ƙanensa. Yanzu kullum da safe ni ke miƙa mishi ruwa, in tsaya sai na ga ya haɗiye. Yana sha, amma har yau in ya taka zuwa masallaci sai ya zauna a hanya ya maida numfashi.