Randar Goggo ta Ƙarshe

Ana sallame asuba muka ɗauki hanyar Katsina daga Kano, ni da mai ɗakina da wani abokin aikina. A Bichi muka karya da ƙosai mai zafi, wanda barkononsa ya sa abokin nawa yin shiru har Kankiya. Bazara ce ta kai ƙarshe, manoma sun share gonaki suna ta duban gabas. Da hantsi muka wuce Batagarawa, muka shiga gari ta Ƙofar Kaura.

Goggo na je gani, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Maginiyar tukwane ce a wajen Ƙofar 'Yandaka. Idonta ya tafi, hannunta ya fara rawa, kuma an aiko mini cewa ta gina randa guda ta ce daga ita ta ajiye aiki.

Ni kuwa aikina a jami'a bincike ne a kan ruwan da ya maƙale a ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, irin na jikin yumɓu. A irin wannan matsi ruwa yana sauya hali. Sanyin da ke daskarar da ruwan da ke cikin kofi ba ya daskarar da shi, zafin da ke busar da wanki kuma ba ya fitar da shi. Na zo da 'yar na'urar auna danshi, da niyyar in gwada yumɓunta.

Bayan doguwar gaisuwa da kwaryar fura, sai na lura gidan da ɗan tsami. Surukarta, matar babban ɗanta, ta riga ta tara kara da kashin shanu, tana so a toya tukwane a ranar kafin ruwan farko ya sauka. Goggo ta ƙi, ta ce randar ba ta bushe ba. Surukar ta ja ni gefe.

"Malam, kai ne mai ilimin abin. Sati biyu randar nan tana shan rana. Ka gaya wa Inna, tsufa ne kawai."

Na ɗora na'urar a jikin randar, ta nuna a bushe take. Goggo ba ta gani ba. Ta laluba ta rungumi randar, ta manna kuncinta a jiki kamar mai sauraron jariri.

"Da sauran sanyi," in ji ta. "Ruwa uku ne cikin yumɓu, ɗana. Ɗaya iska ka ɗauke shi, ɗaya rana, na ukun shina can ciki ya ɓoye. Sai an lallashe shi da hayaƙi. In ka haɗa shi da wuta gaba ɗaya, zai hita, amma da randar zai hita."

Na tsaya da na'ura a hannu, ga idanun mutanen gida a kaina. Na san na'urar bayan randa kaɗai take ji. Sai na nemi ɓallin yumɓun da ya bushe tare da randar, na sa a gwangwani a kan garwashi, na kifa kofin gilashi a baki. Ba a jima ba gilashin ya yi gumi. Na miƙa wa surukar, ta duba, ta kama yatsan Goggo da kanta ta shafa a ciki.

"Kin yi gaskiya, Inna. Ki yafe mani."

Goggo ta yi dariya ta ce ashe karatun nawa bai tashi a banza ba.

Kwana ɗaya muka zo yi, muka yi uku. Kullum da safe a kifa randar a kan ɗan hayaƙin ƙaiƙayi, da rana mu yi ta kallon hadari yana haɗuwa yana watsewa. Abokina ya cika littafi da tambayoyi, mai ɗakina ta koyi dambun zogale. Rana ta uku Goggo ta sake manna kunci, ta ce a kunna wuta.

Da wutar ta mutu aka zaro randar, ja wur, babu tsaga. Goggo ta ƙwanƙwasa da zobenta, ƙarar ta daɗe kafin ta ɗauke. Ta ce tawa ce. Na ce ai 'ya'yanta sun fi ni cancanta.

"Su sun sha a hannuna har sun girma. Kai makaranta ta ɗauke mani kai da wuri."

Mun dawo da randar a kujerar baya, naɗe da zannuwa, mai ɗakina tana riƙe da ita a kowane rami. Muna wuce Charanchi ruwan farko ya sauko.

Yanzu randar tana barandata, bayanta yana gumi, ruwanta yana sanyi. Abin da na koya a tafiyar nan bai yi mini daɗi ba da farko. Na yi shekaru ina neman amsa a ɗakin bincike, matar da ta goya ni tana zaune da rabinta, ban taɓa tambayarta ba. Na kira ta a waya na gaya mata haka. Ta ce in daina surutu, in sha ruwa.