Ƙas-ƙas a cikin rumbu

A Barmu na girma, gidan kakata Inna Tabawa. Lokacin sanyi, da an idar da isha'i sai ta tura kara cikin wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Inna ba ta iya tatsuniyar dariya ba. Tata irin wadda ke sa yaro ya riƙe fitsari har safe ce.

"Ku matso, ga ta nan tahe," haka take buɗewa.

Wadda ta fi kama ni ita ce ta Mai-ƙas-ƙas, wata halitta marar fuska da ke shiga rumbu ta ƙasa, ba ta fasa bango, ba ta taɓa jinka. Wata mata ta tara irin geronta kaf a rumbu ɗaya. Aka ce ta kai ko dami biyu gidan ƙanwarta yadda kowa ke yi, ta ce rumbunta sabo ne. Kullum tana jin ƙas, ƙas daga ciki, tana cewa ɓera ne. Ran da ruwan shuka ya sauka ta hau tsani ta leƙa, babu komai sai ƙaiƙayi.

Nan Inna ke rage murya. "Tac ce, wayyo, ina irina? Sai anka amsa mata daga cikin duhu, sauko ki duba da kanki." Sannan ta yi ƙas, ƙas da harshe, tana kallon bayanmu. Rumbunmu kuwa yana jikin ɗakin da muke kwana. Wallahi na sha kwana ido biyu ina saurare.

Babanmu yana ci-rani a Abijan, kuma a lokacin kaset ake aika wa matafiyi ya ji muryar gida. Kawu ya ɗauki wannan hirar tamu a kaset aka aika wa babanmu, da ya dawo gida ya zo da ita. Bayan rasuwar Inna, ina aikin buga takardu a Tawa, na juye ta cikin kwamfuta. Ba a jima ba zaren kaset ɗin ya tsinke.

Bara wata rana da safe na kunna kwamfutar, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Na motsa linzaminta, shiru. Sai daga cikin akwatin kwamfutar na ji ƙas, ƙas. Tsigar jikina ta tashi, ni da gemuna.

Na ɗauke ta a kabu-kabu zuwa wurin mai gyara. Ya kara kunne ya girgiza kai.

"Diski ne, malam. Shi ne rumbun na'urar, duk abin da ka aje nan yake kwana. In ya hwara wanga kuka, to, sai haƙuri. Ka zuba a kile?"

Kile ɗan ma'ajin nan ne da ake soka wa a gefe, nawa kuwa takardun mutane ne cike da shi. Na zauna a benci. Ji na yi Inna za ta sake rasuwa.

Can na tuna ƙanwata Hadiza ta taɓa matsa min sai da na sa mata hirar a ɗan katin ajiyar wayarta, ina yi mata tsiya wai mai tsoro na neman abin tsoro. Na kira wayar mijinta.

"Yaya, ai waccan wayar ta daɗe da mutuwa," in ji ta. "Amma ɗan katin na ƙulle shi a tsumma, yana cikin goran da nike aje irin kuɓewa."

Yanzu muryar Inna tana wuri uku: sabon diski, kile, da goran Hadiza. Da ina zaton tsoratar da mu kawai take yi don mu natsu, ashe koya mana ajiya take. Nakan kunna wa 'ya'yana, su matso kamar yadda muke yi. Amma duk ran da ta zo wurin ƙas-ƙas ɗin, sai na tsayar da ita na kara kunne a jikin akwatin, don in tabbata daga bakin Inna yake fitowa.