Wuƙar Baba a Jakar Makaranta

Mahaifina ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana aurar da bishiyoyi. Wanda bai san sana'ar ba dariya yake yi idan na faɗi haka, amma aikin ke nan: a yanko reshen mangwaro ko lemo mai kyawun 'ya'ya, a tsaga ƙaramin dashe, a haɗa su a ɗaure da leda har su kama juna. Lambunsa yana bayan gidanmu, ɗan fili ne cike da baƙaƙen ledoji jere-jere. Kowa Mai Dashe yake ce masa. Bai yi boko ba, kuma ba ya shiga ofis, ko na wutar lantarki ne sai dai ya aike ni, wai da ya ga tebur da biro harshensa ke ɗaurewa. Amma fa akwai kai. Sai ya tsaya a ƙofar gidan mutane ya nuna bishiya ya ce, “Wannan ni na aurar da ita shekarar da aka haifi ƙaninki, uwarta tana gidan mai gyaran agogo.” Da wannan kan nasa yake taƙama a duniya, sai kuma wuƙarsa.

Wuƙar 'yar ƙarama ce mai ninkewa, ba ta fi tsawon yatsa ba, ta sha wasawa har bakinta ya rame. Ba ya yanka komai da ita sai reshe. Na taɓa fere lemo da ita ina yarinya, kwana uku bai kula ni ba. Idan zai fita aiki gidan wani, yakan naɗe rassan a jiƙaƙƙen tsumma don kada su bushe, ya cusa wuƙar a tsakiyarsu don kada ta faɗi daga keke, sannan ya ƙulle da wani irin ƙulli nasa: zagaye biyu, a tura bakin ta ƙasa, a ja da haƙori. Har yau ban iya kwance shi ba.

Ni ce 'yarsa ta biyu, ɗinki nake yi a wani shago bakin titi. Tun da mijina ya rasu na dawo gida da 'yata guda. Ana cewa ina da zafin kai, ni dai abin da na sani ban iya ganin abu in yi shiru ba. 'Yar tawa Baba ya sa mata Rediyo, wai tun da aka kunna ta ba a kashe ba. Ita kuma Tsoho take ce masa. Lokacin da abin nan ya faru tana ajin ƙarshe na sakandare, saura mako guda cif a fara jarrabawar fita.

Ranar Litinin da hantsi ina kan keken ɗinki aka kira ni daga makaranta, wai in zo yanzu. Na ce lafiya? Aka ce in dai zo. Ko zaren da ke wuyana ban cire ba na fita.

A ofishin shugabar makaranta na iske Rediyo tsaye jikin bango, kai a ƙasa. A kan tebur kuwa, kusa da kofin birori, ga wuƙar Baba.

Shugabar mace ce mai magana a hankali, irin wadda ba ta ba ka ƙofar yin faɗa. Ta ce mai gadi ne ya same ta a jakar yarinyar wajen binciken safe. Ta ce tun zangon da ya wuce, da ɗalibai suka yi faɗa aka yanki ɗaya a hannu, makaranta ta kafa doka: duk wanda aka kama da wuƙa, kora ce. Ta jawo takarda ta nuna mini sa hannuna a ƙasa. Wallahi ban ma tuna na karanta ta ba.

“Haba ranki ya daɗe,” na ce, “wannan abar ko kaza ba za ta yanka ba. Saura mako guda fa!”

“Na sani. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Kafin nan ta zauna a gida.”

Na juya kan Rediyo. “Ke! Uban me ya kai wuƙar Baba jakarki?”

“Ni na ɗauka,” ta ce.

“Ki yi me da ita?”

Yarinyar da ba ta iya cin abinci baki a rufe, ranar ta yi gum. Tun daga ƙofar makaranta har gida nake zazzaga mata, ko uffan.

Muna shiga muka tarar Baba ya hargitsa lambu. Ya kife bokitai, ya zazzage buhun taki, ya juye aljihunan rigunansa duka. “Wa ya taɓa min wuƙa? A aljihun nan na bar ta, da hannuna!” Na gaya masa inda take da wadda ta ɗauka. Ya dubi Rediyo ya daɗe. “Ke? Da kin tambaye ni ai.” Abin da ya ce ke nan, ya koma lambu. Ita kuma ta shige ɗaki.

Washegari ban iya ɗinki ba, sau biyu ina ɗinke hannun riga a baibai. Na rufe shago na tafi wurin maƙwabcinmu, tsohon magatakardan kotu. Na ce ya gaya min tsakani da Allah, doka ta hana ɗalibi riƙe 'yar wuƙar aljihu?

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, duk ina tsaye ina ji kamar in fizge su. Ya ce, “A iya sanina, ma'aikaci da wuƙar aikinsa a titi daban, ɗalibi a cikin makaranta daban. Makaranta tana da nata sharuɗɗan, kuma kin sa hannu. Abin da kwamiti zai duba guda ne: ta san tana ɗauke da ita, ko ba ta sani ba?”

“Da bakinta ta ce ita ta ɗauka.”

“To,” ya ce. Wannan “to” ɗin ya tsaya min a rai har na iso gida. Shekara goma sha biyu ina ɗinke mata kayan makaranta da hannuna, ina tashinta da asuba. Duk za su tafi a kan abin da bai kai yatsa ba.

Ranar Laraba da safe na ɗauki jakarta zan wanke, don hannuna ya samu abin yi. A ƙasan littattafai na ji wani ƙunshi. Tsumma ne, ya bushe ƙamas, rassan mangwaro biyar a ciki. Sai na tuna malamin noma ya ce kowane ɗalibi ya kawo abin gwaji, ita kuma ta roƙi Baba rassa. An farke tsumman ta gefe da almakashi, da alama mai gadi ya ji ƙarfe a ciki ya kasa kwancewa. Ƙullin yana nan yadda yake. Zagaye biyu, baki ta ƙasa. Na zauna daɓas a bakin famfo.

Na shiga ɗaki na ajiye shi a cinyarta. “Wa ya ƙulla wannan?”

Ta dube shi, ta dube ni, sai hawaye.

“Tambayarki nake. Tun yaushe kika iya ƙullin Baba?”

“Umma, don Allah kada ki gaya masa.”

Daga nan rediyo ta kama. Ta ce ba ta san wuƙar na ciki ba sai da mai gadi ya zaro ta. Ta ce Baba ya fi wata shida yana mantuwa. Yakan shayar da layi ɗaya sau biyu ya bar na kusa da shi. Sau biyu tana dawowa daga makaranta ta gan shi tsaye a mararraba riƙe da keke, bai san ta inda gida yake ba. Ta kamo hannunsa suka dawo, ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba.

“Shi ne za ki bari a kore ki? Kina da hankali kuwa?”

“Ke kika ce duk ranar da ya fara rikicewa za ki rufe lambun ki kai shi wurin Kawu. A bene Kawu yake, Umma. Ko tukunyar fulawa ba su da ita.”

Na faɗa kuwa. Ranar da ya bar famfo a buɗe ruwa ya cika tsakar gida na faɗa, cikin faɗa, na manta. Ita ba ta manta ba. Kunya ta kama ni, ga tsoro, don yanzu hanyar ceton 'yata guda ce: sai ubana ya tsaya gaban baƙi ya faɗi abin da yake ɓoye wa 'yar cikinsa.

Na same shi a lambu yana ƙoƙarin fere reshe da reza, abin yana ta zamewa. Na durƙusa na miƙa masa tsumman. Ya juya ƙullin, ya shafa shi da babban yatsa.

“Wannan nawa ne,” ya ce. “Yaushe na yi shi?”

“Litinin da safe, Baba. Wuƙar tana ciki.”

“Kuma na tsaya ina tambayar yarinya.” Ya ajiye rezar. Can ya ce, “Gobe ne zaman nasu?”

“Zan iya zuwa ni kaɗai da tsumman.”

“Tsumma ba ya magana. Goge min farar rigata.”

Ranar Alhamis muka tafi mu uku. Tsorona kada mu shiga ya manta abin da ya kawo mu, ko ya ga tebur harshen ya ɗaure. Mutum biyar ne a kwamitin, har da malamin noma da wani mai kumbura fuska daga ƙungiyar iyaye. Aka ba Baba kujera, ya zauna a bakin-bakinta, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Aka ce ya yi bayani. Ya buɗe baki, ya rufe. Na yunƙura zan karɓe zancen, ya ɗaga min hannu.

“Wuƙata ce,” ya ce. “Ni na sa ta. Yarinyar ba ta sani ba.”

Mai kumbura fuska ya ce, “Baba, kowane kaka haka zai ce. In kai ka sa, me ya hana ka zuwa tun ranar Litinin?”

“Ban san na sa ba.”

“Kamar yaya?”

“Kaina ne ya fara zuba, ɗana. Ina ajiye abu in neme shi. Ina fita in rasa hanyar gida, wannan yarinyar ke dawo da ni. Hannuna ya yi aikin da ya saba, kaina bai sani ba. Ita kuma ta rufa min asiri, don ni na roƙe ta. In kora ce, ni ya kamata a kora, sai dai ban taɓa shiga aji ba.”

Ba wanda ya yi dariya. Malamin noma ya ɗauki tsumman ya gwada kwance ƙullin da farce, ya kasa, ya miƙa wa na kusa da shi. Shugabar ta ciro hankici daga jakarta ta ba Baba tare da birori uku, ta ce ya naɗe mata. Kafin ta gama magana ya gama: zagaye biyu, baki ta ƙasa, ya ja da haƙori. Ta jera su a tebur, ƙulli biyu iri ɗaya.

Aka ce mu jira a waje. Minti ashirin muka yi a kan benci, na cinye farcen yatsu biyu. Rediyo ta kwantar da kai a kafaɗar Baba. Ya ce, “Yau an ɗauke wuta ne? Ban ji labarai ba.” Ta yi dariya tana share hanci.

Da aka kira mu, shugabar ta ce Rediyo za ta rubuta jarrabawarta. Za a ba ta takardar gargaɗi saboda ƙaryar da ta yi, kuma daga yau ita shugabar za ta riƙa duba jakar yarinyar da kanta. Wuƙa kuwa ba a mayar wa ɗalibi, sai babba. Ta turo ta gaban Baba. Ya ɗauka, ya buɗe, ya gwada bakin a farcensa, ya ninke. Sannan ya kamo hannuna ya sa min ita a tafi.

“Riƙe. Kullum da safe ki ba ni, da yamma ki karɓa.”

“Baba, lambun yana nan,” na ce. “Ba inda za ka.”

Bai amsa ba. Muka fito. Rediyo ta dawo tasha, tana ta zuba labarin yadda mai kumbura fuska ya sha kunya. Mun wuce mai gadi ke nan Baba ya tsaya cak. Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, fuskarsa ta canza.

“Wai wa ya ɗaukar min wuƙa?”

Rediyo ta dube ni. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa.

“Tana wurina, Baba. Kai ka ba ni.”

“Ni?” ya ce. “To, madalla. Kada dai ki fere lemo da ita.”

Ya juya ya nufi hagu. Gidanmu a dama yake. Rediyo ta bi shi da sauri ta kamo hannunsa.