Langar Goggo a hanyar Tamale

Babur ɗin yana nan har yau a zauren gidanmu na Ƙofar Guga, tayoyinsa sun kwanta, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinsa. Matata ta gaji da cewa in sayar wa 'yan gwangwan. Ni kuwa duk na zo wucewa sai na shafa kujerarsa. Shi ya kai ni Tamale ta ƙasar Gana ya dawo da ni, a shekarun da mutum zai kama hanyar Jibiya ba abin da yake tsoro sai faci.

Mu biyu muka shirya tafiyar, ni da abokina, wani bakanike ɗan Filato mai shago a Ƙofar Kaura. Shi ya san inji, ni na san surutu, muka ga ai mun cika. Ba fatauci ya fitar da mu ba, ba neman magani ba. Muna dai son mu ga inda kwalta ta ƙare. Mutane suka yi ta kallonmu kamar waɗanda suka taɓu.

Kuskurena ɗaya, na bi gida gida ina sallama, kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Abokina ya gargaɗe ni cewa mu sulale kawai, na ce masa Bakatsine ba ya barin gari kamar ɓarawo. To duk gidan da na shiga, bayan an gama doguwar gaisuwa da addu'a, sai a ce ashe ma ta Maraɗi za ku bi, ga ɗan saƙo. Wannan na da ɗiya a Ƙonni, wancan na da suruki a Dosso. Kafin kwana uku ɗakina ya cika da ƙullin daddawa, kuka, turmin atamfa, har da tabarma. Wa zai iya ce wa dattijo a'a? Ranar da abokina ya ga kayan da na ɗaure wa babur, sai da ya zauna a ƙasa don dariya, ya ce wannan ba babur ba ne, amalanke ce.

Gidan ƙarshe shi ne na Goggo a Kambarawa, yayar mahaifina, wadda har lokacin take riƙe da 'yan shanunta a bayan gida. Tana da ƙanwa da aure ya kai Tamale tun ba a haife ni ba, kuma tun daga nan ba su sake haɗuwa ba. Wayar hannu ba ta kai ga tsofaffi ba tukuna. Da na ce mata har Tamale za mu je, ta tashi ta shiga ɗaki ta jima. Ta fito da wata tsohuwar langa mai zanen fure, cike da soyayyen man shanu, an ɗaure murfin da tsumma.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan hannu da hannu za ka ba ta. Ko komai zai zube, ban da wannan."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Na ƙara ɗaure murfin da robar tsohon tib, na sa langar can saman kaya inda idona zai riƙa kai wa.

Kwanakin farko, wallahi, ban taɓa jin daɗin duniya kamar su ba. Iska na dukan ƙirji, gero ya yi kore shar hagu da dama, in mun gaji mu tsaya gindin bishiya mu sha fura. In na tsaya salla abokina ya tsare babura, ran Lahadi ni na tsare su a ƙofar wata coci a Dosso ina cin gyaɗa. Jandarmomi suka wahalar da mu da Faransanci, mu kuma muka wahalar da su da gaisuwa har su gaji su miƙo takardu. Duk garin da muka sauke saƙo sai an tsare mu cin tuwo, ga shi kuma sai a ba mu wani saƙon mu kai gaba. Kayan ba su taɓa raguwa ba.

Bayan mun wuce Yamai mun shiga ƙasar Burkina, muka tarar ruwa ya cinye wata gada, motoci na zagayawa ta cikin rafi. Abokina ya ratsa lafiya, don shi kayansa jaka ɗaya ce da akwatin sifana. Ya ɗago hannu yana cewa in sauke kaya in tura. Na ji kunyar a ga ina sauke kaya gaban mutane, na murɗa mai na shiga. Ina tsakiyar ruwa nauyin baya ya ɗaga mani tayar gaba, sai ga ni kwance cikin laka, babur a kaina.

Ban ji ciwon gwiwata ba sai daga baya. Langar nake nema. Na same ta a kife, murfin ya yi nasa wuri, man da zafin rana ya narkar ya bi ruwa yana ƙyalli. Abin da ya rage a gindinta ya cakuɗe da laka. Na tsuguna na kwashe shi da hannu na watsar, na wanke langar tas da yashi. Na yi kuka a bakin rafin nan, ba na ɓoyewa.

Shawarar tawa ce, ba ta abokina ba. A kasuwar gaba na sami matan Fulani, na sayi man shanu mai kyau na sa aka soya, na cika langar na mayar da tsumman yadda yake. Abokina ya ce in faɗi gaskiya kawai, tsofaffi sun san hanya. Na ce masa mai dai mai ne.

Goggon Tamale na same ta a unguwar Hausawa, 'yar tsohuwa mai kama da mahaifina har ta ba ni tsoro. Hausarta ta sirka da wani harshe, amma da ta ga langar sai ta kira sunan yayarta da irin muryar gidanmu. Ta kwance tsumman. Ba ta ɗanɗana ba, ba ta shinshina ba. Ta naɗe hannun riga ta tura yatsunta cikin man har gindin langar, ta lalube ko'ina, ta sake lalubawa. Sannan ta zare hannun ta dube ni. Na ce a raina tsufa ne. Ta shafa man a ƙafafunta, ta sa aka yanka mana kaza, ta yi ta tambayata shanu nawa suka rage da wanda ya mutu da wanda ke raye. Da za mu taho ta cika langar da man kaɗanya ta ce in kai wa yayarta, kuma in bi a hankali wajen ruwa.

Na iso Katsina na wuce Kambarawa tun ban cire takalmi ba. Goggo ta karɓi langar, ta bar ni na gama ba da labarin jandarmomi, sannan ta tambaye ni ko zoben ya shiga yatsan ƙanwarta. Zoben azurfa na mahaifiyarsu, wanda ta ajiye mata tun ranar rabon gado, ta binne shi a gindin man don kada a gani a kan iyaka.

Na tuna hannuna yana kwasar laka yana watsawa a rafi. Na faɗa mata komai, ban rage ba, ina jiran ta tsine mani.

Ta jawo langar gabanta. Ta ce, "Da ka ba ta, ta sa hannu ciki?"

Na ce ta sa, har gindi, sau biyu.

"To ba ta manta ba. Haka innarmu ke aiko mana da abu."

Sai ta naɗe hannun riga, ta tura yatsunta cikin man kaɗanyar. Ta zaro wani ɗan abin wuya na murjani, ta goge shi da bakin zane, ta riƙe shi a tafin hannu tana kallo. Ni da na ɗauko shi tun daga Tamale ban san yana ciki ba.

Ba su sake ganin juna ba. Goggo ta rasu da murjanin a wuyanta, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara ta da maganar zoben ba. Abokina ya koma Filato da iyalinsa, mukan gaisa a waya, har yanzu amalanke yake kirana. Langar tana wurina, a kan kujerar babur ɗin nake ajiye ta.