Kamfanoni Goma Sha Bakwai a Zauren Baba

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Sabon Garin Wudil ya san Dattijo mai kwamfuta. Shekara ashirin yana shagon nan na bakin titi, yana buga wasiƙar neman aiki da katin ɗaurin aure. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake ce masa Dattijo tun yana rarrafe. Halinsa ma na dattako ne, in ban da abu guda da har gobe yake cin ransa.

Wata shekara aka baza cewa za a raba wa masu sana'a tallafi, amma sai mai takardar rajistar kamfani. Kan ka ce kwabo gari ya ɗure a shagonsa: mai kayan miya, mai faci, har da wanda ko gyaɗa bai taɓa kasawa a tire ba. Dattijo ya zauna yana raɗa wa kamfanoni suna babu rago babu wanzami. Wanda ba shi da shago kuwa, sai Dattijo ya sa masa adireshin nasu gidan na ƙauyen Utai, zauren marigayi babansu, inda yanzu awaki ke kwana. A ganinsa taimako yake yi. Tallafin dai shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Bayan shekara sai ga wata ɗalibar jami'a, Deborah, da littafinta. Ta ce tana ƙidaya sababbin kamfanoni ne, don yawansu ke nuna ko kasuwar gari na ci. Ta tambaye shi ko duk waɗanda ya yi wa rajista suna aiki. Ya gyara zaman hula ya ce duk suna nan daram. Son girma ne ya ja shi, ba komai ba. Daɗi ya ji a ce kamfani ɗari uku sun fito ta hannunsa. Ba a daɗe ba malaminta ya faɗa a rediyo cewa Wudil ta samu buɗi, har sababbin kamfanoni ɗari uku.

Maganar ta isa har Fatakwal, wajen ƙaninsa Nu'uman, mai rubuta allunan shaguna. Ya bugo waya yana murna, wai kamfani ɗari uku ai allo ɗari uku ne.

"Yaya, da gaske ne abin da nake ji?"

Nan ne fa ya kamata Dattijo ya faɗi gaskiya. Amma kunya ta riƙe masa baki. Ya ce, "Ai ka ji da kunnenka a rediyo."

Nu'uman ya saki rumfar da ya yi shekara goma sha biyu a cikinta, ya kwaso matarsa Sakina da yara huɗu da gwangwanayen fenti, ya dawo gida. Wata biyu, allo uku ya rubuta, ɗaya ma na masallaci ne. Da abin ya ishe shi, ya roƙi yayansa jerin adireshin kamfanonin, don ya bi su ƙofa-ƙofa. Dattijo ya ce babu wuta, washegari ya ce tawada ta ƙare. Rana ta uku dabara ta ƙare masa, ya buga ya miƙa.

Bayan la'asar Nu'uman ya dawo daga Utai, ya kafe babur, ya zauna a benci. Suka gaisa, har da tambayar gajiya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Yaya, ashe kamfani goma sha bakwai ne a zauren Baba. Na yi sallama, awaki na tarar."

Dattijo ya yi salati.

Washegari Nu'uman ya zo da tsani, ya ce fentinsa zai bushe a banza. Ya sauke tsohon allon shagon yayansa, ya rubuta masa sabo, kore da fari, da sunansa manya-manya. Da sati ya zagayo ya bar Sakina da yara a gidan Dattijo, ya hau motar Fatakwal neman wata rumfar, don wani ya riga ya shige tasa ta da.

Kowa ya wuce sai ya yaba kyawun allon. Dattijo kuwa kullum kansa a sunkuye yake buɗe shago, don har yau bai iya ɗaga ido ya karanta shi ba.