Siddiƙu Mai Shinshina Kwamfuta

Siddiƙu ɗan Malam Atto mai gyaran rediyo ne, nan Ƙofar Dundaye. Na san shi tun yana riƙe wa ubansa tocila. Da rediyo ya ja baya sai ya koma gyaran kwamfuta, amma bai bar ɗabi'ar gidansu ba: kafin ya taɓa inji, sai ya kai hanci ya shinshina.

Ni turaren wuta nake sayarwa a Ƙofar Taramniya, jikin shagon hoton jikata Nabila. Kullum da safe nakan shigar mata da kasko in ajiye ƙarƙashin tebur, don masu zuwa hoto su ji daɗi.

Ƙarƙashin teburin nan kwamfutarta take. Faifai huɗu ke cikinta na ajiyar hotuna, duk an jona su ga wani kati, shi ke gaya wa injin inda suke. Wata Talata ta kunna, injin ya ce bai ga faifai ko ɗaya ba. A ciki akwai hotunan bikin ɗiyar Hajiya Kaltume, babu su ko'ina sai nan, kuma ran Juma'a amarya za ta wuce Yamai da su. Wani mai gyara ya ce a goge komai a sake. Nabila ta zauna ta riƙe kai.

Na aika aka kira Siddiƙu. Ya buɗe, ya canja wayoyi ɗaya-ɗaya, shiru. Ya kara kunne, ya ce faifan duk suna juyawa.

"Huɗu ba su mutuwa rana guda, Nabila. Mai kiransu ne ya kurumce."

Ya zare katin, ya shinshina, ya dube ni.

"Baba Na'Allah, wanga ai turaren hawi ne da sandal. Naku ne?"

Na ce nawa ne, mai kyau ma.

"Mai kyau ƙwarai. Shekara nawa kwamfutar ga tana sha?"

"Shida."

"Ko amarya ba a yi mata haka."

Ashe fankar injin ke jan hayaƙin ciki, ya yi danƙo a haƙoran katin. Ya ciro robar goge fensir daga aljihu, ya bi haƙoran a hankali, ya wanke da sifirit, ya jira ya bushe. Bai yi gaggawa ba, har ya sha kunu. Da ya mayar ya kunna, faifai suka fito, ɗaya, biyu, uku. Na huɗu ya ƙi. Ya danna wayar faifan da babban yatsa, sai ga shi.

Ya tsare Nabila sai da ta kwafe hotunan bikin a wani wuri kafin ya tashi. Ran Alhamis Hajiya Kaltume ta karɓi kayanta.

Yanzu bakin ƙofa nake ajiye kaskon. In Siddiƙu ya biyo, yakan leƙa ya ce, "Baba, amaryarku fa?" In ce tana lafiya, ta daina shan turare. Sai in ƙulla mai ɗan hawi ya kai gida.