Daddawar Sitti a Marsiliya

Wata ranar Laraba, bayan ƙaramar Sallar shekarar 1981, aka dire mana faranti a wani gidan abinci na bakin teku a birnin Marsiliya na Faransa, na leƙa ciki na ga dodon koɗi. Dodon koɗi fa, kowanne a ƙoƙonsa, an tsiyaya masa man shanu da wani koren ganye. Shekarata tara a lokacin. Abuya, wato mahaifina, shi ya dangwala yatsa a takardar abincin bai san abin da ya zaɓa ba, don kar a ce bai waye ba. Ana cikin haka kakata, wadda muke kira Sitti, ta mintsine ni ta nuna min teburin gefe. Wata mata ce ta sauke farantinta ƙasa, karenta ya lashe shi tas, ma'aikacin ya zo ya haɗa shi da sauran farantai. Sitti ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Ni na gama cin abinci a ƙasar nan."

Mu 'yan Madina ne, a unguwar Harra ta Gabas aka haife ni, a gidan baƙin dutse da kakana ya gina. Sitti da ƙafa ta zo daga ƙasar Katsina tana budurwa, kuma har ta tsufa ba ta taɓa yarda shinkafar Larabawa abinci ba ce. Duk shekara alhazai na kawo mata kuka da daddawa, mu yara mu hau da su saman rufi mu shanya, ni da ƙanwata muna gadi muna 'yar carafke da tsakuwoyin Harra. Dakan daddawa aikina ne, in je makaranta hannuna na warinta, 'yan aji suna matsawa. Da Abuya ya samu aiki a wani kamfanin jiragen sama aka ba shi tikitin iyali, sai ya ce shi ma zai kai mu hutu Turai yadda abokan aikinsa ke yi. Ranar tafiya ya zazzage akwatuna, ya tsamo ƙullin kuka da daddawa ya jefar a tsakar gida. "Ba za ku kunyata ni a ƙasar mutane ba," in ji shi.

To, ƙasar mutanen dai mun gan ta. An kai mu kallon jiragen ruwa da wani tsohon kurkuku a tsakiyar teku, amma ni ƙasa nake kallo, don titi duk kashin kare ne. Banɗaki ba buta, sai Ummi, wato mahaifiyata, ta dinga yawo da kwalbar ruwa a jaka. An kawo mana cuku mai koren fumfuna yana wari kamar safar da aka manta a takalmi, wai shi ne na manya. Mu mun daure muna cusa burodi, Sitti kuwa ta ga yadda mutanen garin suke tafe da shi tsirara a hammata, ga gumi, ta ce Allah ya kiyashe ta. Dabinon Madina da ta taho da shi take ci, har ya ƙare. Abuya ya roƙa, ya yi faɗa, ya sake roƙo, ta kafe. Fuskarta ta faɗa, kuma tsohuwa ce mai ciwon suga. Muna hawan wani tsauni don hango gari sai ƙafafunta suka ƙi, ta sulale a kan matakala. Ban taɓa ganin tsoro a idon Abuya ba sai ranar.

Da aka kwantar da ita a otal, ya durƙusa yana tambayarta me za ta iya ci a duniyar nan. Sai ta kwance bakin zaninta. Ashe ta tsince ƙullin nan tun a tsakar gida. Abuya ya fita unguwar Larabawa ya sayo ɗan risho da sabuwar tukunya da garin alkama da ake kira samid. Ummi ta tuƙa tuwo a ƙasan ɗakin, ni na murƙushe daddawa da gindin kofi. Miyar na tafasa aka fara dukan ƙofa. Matar mai otal ce, ta toshe hanci da hankici, tana ihu tana amai-amai, ta ɗauka wani abu ne ya mutu a ɗakin. Ga kuma kare a hammatarta yana lasar mata wuya! Sitti ko kallonta ba ta yi ba sai da ta kai loma, ta side yatsu, sannan ta ce, "Ku tambaye ta, ita ba ta jin nata warin?" Abuya ya tsaya a bakin ƙofa ya tare, bai bari an taɓa tukunyar ba har uwarsa ta ƙoshi. Kafin la'asar an watso mana kaya waje, mutumin da ya ce kar a kunyata shi ya fito titi riƙe da tukunyar miya yana dariya.

Yanzu babu gidan baƙin dutse, Sitti na kwance a maƙabartar Baƙi'a, ni ake kira Sitti. Jikokina sun je Faransa sun dawo suna yabon cukun nan da ya kusa sa ni amai. In na ɗora miyar kuka kuwa, sai su buɗe tagogi su toshe hanci, suna tambayata da Larabci me ya ruɓe. Nakan ji haushi har wuya, in zuba tuwona in zauna a kicin. Ni kaɗai na rage a gidan nan da ke jin ƙamshinta.